NVIDIA, AMD ko Intel: wane katin girafik ya dace da wannan kwamfutar?

Abba_Kawo

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar masana kafin in fitar da kuɗi. Kwamfutar tebur ce haɗin hannu: Core i5-8500, bod B360, RAM 16GB, fawa fak 450W wanda ba shi da wani sanannen suna. Katin da ke ciki yanzu GTX 1050 Ti ne mai 4GB. Aikin da nake yi da ita editin bidiyon biki ne a DaVinci Resolve da Premiere, yawanci 1080p amma 4K ya fara shigowa, sai kuma gem da daddare: FC, GTA V da Warzone. In NEPA ta ɗauke, inbata 1.5kVA ce da batir 200Ah guda biyu.

Abin da na samu a shagunan titin Ahmadu Bello a nan Kaduna: RTX 3060 12GB na hannu, RX 6700 XT na hannu, RX 6600, da RTX 4060 sabo a kwali. Akwai kuma Intel Arc B580 amma sai an aiko daga Legas. Wani ya ce in guji AMD saboda matsalar diraiba, wato manhajar da ke sa katin ya yi aiki da kwamfuta, wani kuma ya ce NVIDIA kuɗin suna kawai ake biya. Wanne zan ɗauka?

MaiGyara_TudunWada

Wa alaikumus salam Malam Abba. Bari mu fara da wanda za a cire daga lissafi, wato B580. Kati ne mai kyau, ya fito a Disamban 2024 da 12GB a kan dala 249, kuma a wannan farashin babu wanda ya ba da VRAM, wato memorin da ke jikin katin, kamarsa. Amma katunan Arc suna buƙatar Resizable BAR, saitin da ke ba furosesa damar isa ga dukan memorin kati kai tsaye, a kunne a BIOS (shafin saitin bod), kuma Intel da kanta furosesa zubi na 10 zuwa sama ta ambata, ko Ryzen 3000 zuwa sama. Taka zubi na 8 ce. In babu wannan saitin gem zai riƙa tsattsayawa yana fizga, ka biya kuɗin kati amma ba ka samu ƙarfinsa ba. Ka bar shi sai ranar da ka canza bod.

Saura huɗu. Abin da mutane da yawa ba sa dubawa shi ne ramin da za a soka katin. Ramin bod ɗinka PCIe 3.0 ne, wato zubin da ya gabaci 4.0. RTX 3060 da RX 6700 XT suna amfani da layi 16 cif, to a bod ɗinka suna samun kusan 16GB a daƙiƙa. RTX 4060 da RX 6600 layi 8 kawai aka yi musu, an dogara da cewa za a saka su a PCIe 4.0. A naka ramin za su samu kusan 8GB a daƙiƙa. Muddin aikin bai cika VRAM ba, ba za ka ji bambancin sosai ba. Amma dukansu 8GB ne, kuma da zarar ta cika kati ya fara aron RAM ɗin kwamfuta ta wannan siririyar hanyar, a nan ne hoto ke fara karyewa.

Ta fuskar zubi kuwa: 3060 ɗan gidan Ampere ne na 2021, hanyar memorinsa 192-bit, yana jan 170W. 4060 ɗan gidan Ada ne na 2023, 128-bit, 115W. A gem na 1080p 4060 ya fi shi gudu, kuma yana da abu biyu da 3060 ba shi da su: ƙirƙirar firem ta DLSS 3, da fitar da bidiyo a tsarin AV1. Sai dai kai editin ne abincinka. Resolve in ya samu 4K da gyaran kala mai hawa-hawa, VRAM yake ci, kuma saƙon da yake bugowa cewa memorin GPU ta cika ya fi yawa a katunan 8GB zuwa ƙasa. 12GB ɗin nan ba ƙaramin abu ba ne.

RX 6700 XT shi ma 12GB ne, kuma a gem ya fi 3060 nesa ba kusa ba, ya fi kusa da 3060 Ti zuwa 3070. Inda NVIDIA ke gaba shi ne CUDA, tsarinta na sa kati ya taya manhajoji lissafi, wanda Premiere da Resolve da Blender suka daɗe suna zaune a kansa, da kuma NVENC, injin fitar da bidiyo da ke cikin katinta. Bidiyon tsarin H.264 da NVENC ke fitarwa ya fi na zubin RX 6000 tsabta in bitiret ya yi ƙasa, irin wanda za a tura wa mai biki ta WhatsApp ko a ɗora a Facebook.

Ni dai a matsayinka 3060 12GB zan ɗauka. Amma ka lura, akwai 3060 mai 8GB da aka fitar a ƙarshen 2022, 128-bit ne, kuma ya fi na asalin rauni. Suna ɗaya ne a jikin kwali, kar a haɗa ka da shi.

Sola_Barnawa

Oga ya yi bayani, amma kafin maganar kati akwai ta fawa fak. Wannan 450W marar suna ba zai ɗauki ko ɗaya cikin manyan ba. NVIDIA 550W ta ba da shawara ga 3060 da 4060, AMD kuma 650W ga 6700 XT da 450W ga 6600. Kar ka duba babbar lambar da ke gaba, ka duba takardar gefe wajen layin +12V, ka ninka amfiya da 12. In ka ga 25A, to 300W ke nan na gaskiya, ko da an rubuta 450W da manyan baƙi.

Kuma don Allah kar a yarda da wayar nan mai juya SATA zuwa fin 8. Ramin bod yana ba kati 75W, fin 6 yana ba da 75W, fin 8 kuma 150W. Kan SATA kuwa wajen 54W aka yi shi ya ɗauka. In ka ja wutar 3060 ta nan, robar za ta yi zafi ta narke, wani lokaci har ta taɓa bod. 6700 XT na asali fin 8 da fin 6 yake so, duka biyun su fito daga fawa fak kai tsaye.

Ga lissafin batir. 200Ah biyu a 12V, 4,800Wh ke nan a takarda. In tubula ne rabi ake ci don kar ya mutu da wuri, saura 2,400, inbata ta ci nata kason, ka ƙaddara 2,000Wh. Sauran kwamfutar da monita a ce 130W. Da 4060 kana wajen 245W, kusan awa 8. Da 3060, 300W, awa 6 da rabi. Da 6700 XT mai 230W, 360W, awa 5 da rabi. Wannan in kati yana aiki gadan-gadan ne kuma babu fanka ko firij a kan layin. In kana Band A, inda yunit ya haura naira 200, bambancin 4060 da 6700 XT a awa 6 kullum ya kai yunit 20 a wata.

Akwai dabarar da ke rage tazarar. A manhajar MSI Afterburner ka sauke iyakar wutar 3060 zuwa kashi 80, zai dawo wajen 135W, gudun da za ka rasa kaɗan ne, zafi ma ya sauka. A watan Maris da Afrilu da ɗaki ke kai digiri 35 zuwa sama, wannan saitin kusan dole ne. AMD tana da irinsa a cikin manhajarta ta Adrenalin.

Ka kuma tabbatar inbatar mai fitar da tsaftatacciyar wuta ce, wadda ake rubuta wa pure sine wave a jiki. Fawa fak masu inganci na yanzu suna da active PFC, wani sashe mai daidaita yadda suke jan wuta, kuma da yawansu ba sa jituwa da inbata mai arha: za ka ji ƙara kamar ta ƙudan zuma, ko kwamfuta ta mutu daidai lokacin da aka ɗauke wuta.

Maman_Ilham

Sannunku da ƙoƙari. Ina tare da Malam MaiGyara a kan 3060, amma ban yarda a bar maganar diraiban AMD haka ba, don za ta cutar da wasu masu karatu. Sunan ya ɓaci ne a zamanin RX 5700 a 2019 zuwa farkon 2020, lokacin da allo ke yin baƙi ana tsakiyar gem, kuma an gyara. Zubin RX 6000 a zaune yake. Yawancin ƙorafin da ake kaiwa wajen masu gyara yanzu daga abu biyu ne. Ko dai an cire katin NVIDIA an saka AMD ba a goge tsohon diraiba ba, wanda maganinsa DDU ne, manhajar goge tsohon diraiba, a Safe Mode na Windows da intanet a kashe, ko kuma Windows Update ta danne diraiban da aka saka da wani nata. Wanda gem ne kawai a gabansa kuma yana da fawa fak mai kyau, 6700 XT ya fi masa 3060, babu ja.

Na AMD da ya kamata mai editin ya guda su ne RX 6500 XT da RX 6400. Layi 4 ne, 4GB ne, kuma babu injin fitar da H.264 ko H.265 a cikinsu kwata-kwata, duk rendarin a kan furosesa zai faɗa.

Ƙanena Abba, tambayar da ba a yi maka ba ita ce wace kyamara ake kawo maka aikinta. Sony A7 IV, A7S III da Canon R6 suna iya ɗauka a 10-bit 4:2:2, tsarin da ya fi 4:2:0 riƙe bayanin kala. Irin wannan fayil a H.265, babu 3060, babu 4060, babu 6700 XT da ke buɗe shi da injinsa. Arc yana yi, girafik ɗin cikin furosesar Intel zubi na 11 zuwa sama yana yi, NVIDIA kuma sai a RTX 50 ta kawo shi. To in ka saka sabon kati ka ga taimlayin yana nan yana ɗingishi, ba katin ba ne ya lalace. Ka yi furoksi, wato kwafin bidiyon marar nauyi, kafin ka fara yanka, ko ka roƙi mai kyamara ya ɗauka a 4:2:0.

Sabon zubi kuma, don kwatanci: RX 9060 XT mai 16GB ya fito a Yunin 2025 a kan dala 349 da layi 16, RTX 5060 Ti mai 16GB dala 429, RTX 5060 mai 8GB dala 299. Farashin Amurka ke nan ranar fitowa. Kafin ya iso Computer Village ko Banex a Abuja, canjin dala da kuɗin jirgi da na kwastan sun hau kai, kuma 'yan kasuwa NVIDIA suka fi kawowa don ita ta fi saurin fita. Haka in ka tashi sayarwa, NVIDIA ta fi samun mai saye a Kaduna.

Abba_Kawo

Allah ya saka da alheri. Anti, yawanci A7 III ne, ban taɓa duba ko 4:2:2 ba ne. Na karkata ga 3060 12GB da sabon fawa fak 650W. Abin da ke ba ni tsoro na hannu ne, an ce wasu an yi haƙar kirifto da su. Me zan duba a shago?

MaiGyara_TudunWada

A7 III 8-bit 4:2:0 yake ɗauka a katin memori, to wannan matsalar ba ta shafe ka ba.

Maganar haƙa gaskiya ce. Ethereum, ɗaya daga cikin kuɗaɗen kirifto, ta daina amfani da katunan girafik a Satumban 2022, daga nan katunan zubin RTX 30 da RX 6000 suka malalo kasuwa. Ba duka ne suka lalace ba, amma fanka da memori sun sha aiki dare da rana. Kar ka biya sai an gwada a gabanka, kuma ka je da filas ɗauke da manhajojin gwaji: GPU-Z, HWiNFO, FurMark da OCCT.

Ka fara da ido. Juya katin ka duba bayan bod daidai ƙarƙashin cif. In wurin ya yi ruwan ƙasa ko akwai busasshen danƙo a zagaye, an gasa shi da iska mai zafi don ya farfaɗo, irin wannan wata ɗaya ko biyu yake yi ya koma. Duba tsatsa a ƙarfen baya da bakin HDMI. Maiƙo kaɗan a gefen memori daga fad, wato robar kwashe zafi da ke kanta, yake fitowa, shi kaɗai ba aibi ba ne. Juya kowace fanka da yatsa, in tana karkarwa ko tana gogar wani abu, ka sa kuɗin canza ta a cikin ciniki.

A GPU-Z dole ka ga 12288MB, 192-bit, da shada 3584. Sannan FurMark na minti 20 da HWiNFO a buɗe. Fankar ba za ta juya ba sai zafi ya kai wajen digiri 50 zuwa 60, haka aka yi yawancinsu. 3060 mai lafiya yakan zauna ƙasa da 80. Ka duba tazarar zafin GPU da na Hot Spot, wato wurin da ya fi zafi a cif ɗin: 10 zuwa 15 daidai ne, in ta haura 25 man da ke tsakanin cif da ƙarfen sanyaya ya bushe. Wannan gyara ne mai sauƙi, sai dai in za a canza fad ɗin memori a auna kaurin tsohon, don in sabon ya fi kauri ƙarfen ba zai zauna a kan cif ba, zafi ya ƙaru maimakon ya ragu. Bayan nan gwajin VRAM na OCCT, minti 15 aƙalla, FurMark ba ya kama ɓatacciyar memori yadda ya kamata. Kuskure ko ɗaya ne, ko ɗige-ɗige masu kala a allo, ka ajiye musu kayansu. Ka gwada kowane rami, HDMI da DisplayPort duka.

In kuma daga Legas za a sako maka a mota zuwa tashar Mando, ka sa a yi maka bidiyon gwajin da lambar jikin katin a fili, kuma a rubuta kwanakin garanti a rasit tare da wannan lambar. Ka auna tsawon akwatinka kafin nan, wasu 3060 masu fanka uku sun kusa santimita 30.

Da hunturu kuwa, duk wata ka kashe kwamfuta ka cire filogi, ka hura ƙurar da bulowa, yatsanka riƙe da fankar don kar iska ta juya ta fiye da ƙima ta kashe bariyin.