Su wa ke riƙe da bikin fasaha na Segu, kuma mene ne manufarsa?

Hadiza Zinder ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin bayani daga waɗanda suka san ƙasar Mali game da bikin da ake kira Festival sur le Niger, wanda ake gudanarwa a garin Segu a farkon watan Fabrairu na kowace shekara. Na sha jin ana cewa mutanen gari ne suka kafa shi da kansu, amma hotunan da nake gani na manyan mawaƙa a kan dandamali a bakin kogi sun fi kama da aikin gwamnati ko na wani babban kamfani. Shin su wa ke riƙe da shi a haƙiƙa, kuma me ya sa aka fara shi?

Malam Sani Maradi ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama Hadiza. An fara bikin a shekarar 2005, kuma wanda ya jagoranci kafa shi shi ne Mamou Daffé, ɗan kasuwa mai otal a Segu, tare da sauran masu otal da gidajen abinci na garin. Dalilinsu a bayyane yake. Segu na da tazarar kusan kilomita 235 daga Bamako, a kan hanyar da masu yawon buɗe ido ke bi a wancan lokacin zuwa Jenne da Mopti da ƙasar Dogon, amma yawancinsu abinci kawai suke tsayawa su ci su wuce, alhali garin shi ne tsohon babban birnin daular Bambara da Biton Kulibali ya kafa a ƙarni na 18. Masu otal ɗin sun so a samu abin da zai sa baƙo ya kwana, ya shiga kasuwa, ya sayi kayan hannu.

Abin da ya burge ni shi ne ba su tsaya a kan kiɗa kaɗai ba. An haɗa da tseren kwale-kwale na masunta, da wasan dodanni da 'yan tsana wanda aka san yankin Markala, wani gari kusa da Segu, da shi, da baje kolin masu rini da saƙa, da zaman tattaunawa na masana. A 2009 aka kafa gidauniyar da ke ɗauke da sunan bikin, sannan a 2011 aka buɗe cibiyar al'adu ta Kôrè, inda ake horar da matasa kan kiɗa da shirya taruka da sarrafa na'urorin sauti duk tsawon shekara. A ganina wannan cibiya ta fi kwanakin bikin kansu muhimmanci, domin ita ce ke samar da ma'aikatan da ke tafiyar da shi.

Injiniya Bashir ya amsa:

Malam Sani, ban musa tarihin da ka kawo ba, amma ina ganin a yi hattara da cewa bikin na al'umma ne. Masu otal 'yan kasuwa ne, kuma riba ce ta fara haɗa su. Bayan haka, kuɗin shiga babban filin wasa ya fi ƙarfin talakan gari da yawa, kuma sananne ne cewa kamfanoni masu ɗaukar nauyi da gidauniyoyin ƙasashen Turai suna da kaso mai tsoka a cikin kuɗin da ake kashewa. Wanda ya biya kuwa ba ya rasa ta cewa a kan tsari. Ƙari a kan haka, a watan Nuwamba na 2024 an naɗa Daffé ministan da ke kula da al'adu da sana'o'in hannu da yawon buɗe ido a gwamnatin Mali, don haka tazarar da ke tsakanin bikin da hukuma ta ragu ƙwarai.

Hajiya Rabi ta amsa:

Injiniya ya faɗi gaskiya game da kuɗin shiga, sai dai ina ganin ya auna bikin da babban dandamali kawai. Ni na halarta, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne matan Kalabugu, ƙauyen maginan tukwane da ke tsallaken kogi. Matan nan 'ya'yan gidajen maƙera ne, suna gina tukunya da hannu, su jera ɗaruruwa a fili a ƙarshen mako, su lulluɓe su da ciyawa da kara su cinna wuta, sannan su tsamo su da doguwar sanda suna ja zur su tsoma a ruwan ɓawon itace domin su yi launi. A da kasuwar Litinin ta Segu ce babbar madogararsu, amma a makon biki kwale-kwale ne ke kai musu masu saye har gida. Haka masu rinin bogolan, masu zana tufa da laka, da masu tuƙa kwale-kwale da masu sayar da soyayyen kifi a bakin ruwa. Waɗannan ba su zauna a kwamitin shiryawa ba, amma suna da abin da za su rasa idan bikin ya mutu, shi ya sa suke kare shi.

Hujjata ita ce abin da ya faru bayan 2012. Bikin hamada da Manny Ansar ya jagoranta tun 2001, wanda aka yi shekaru ana yi a Essakane da ke arewacin Mali kafin a mayar da shi gefen Timbuktu, ya tsaya cak bayan da masu ɗauke da makamai suka mamaye arewacin ƙasar. Na Segu ma bai gudana yadda aka saba ba a 2013, kuma Turawan da aka kafa shi domin jawo su sun ragu matuƙa, amma ya ci gaba domin 'yan Mali da maƙwabtansu sun cike gurbin. Har ma ya haɗa kai da masu bikin hamada da na Taragalte a Maroko suka kafa ayarin al'adu domin zaman lafiya, wanda ya bai wa mawaƙan arewa wurin da za su sake hawa dandamali.

Malam Sani Maradi ya ƙara da cewa:

Injiniya, batun muƙamin minista abin lura ne, kuma ya dace a sa ido a ga ko gidauniyar za ta riƙe 'yancinta wajen zaɓen mawaƙa da masu jawabi. Malama Hadiza, idan kina da niyyar zuwa, ki fara bincika halin tsaro a hanyar Bamako zuwa Segu, sannan ki nemi masauki da wuri, domin ɗakunan garin kan ƙare tun kafin makon biki.