Neman shawara: bututun filaf na RV-7 yana cijewa idan na ɗaure noti

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a Amurka, kuma shekara ta uku ke nan ina harhaɗa ƙaramin jirgi mai kujera biyu, samfurin RV-7 na kamfanin Van's Aircraft da ke jihar Oregon, a cikin garejin gidana. Yanzu na iso kan filaf, wato fallayen bayan fikafikai da ake saukarwa domin jirgi ya iya tafiya a hankali lokacin sauka. Bututun ƙarfen da ke juya su yana zaune cikin tubalan roba mai tauri guda uku. Idan notunan da ke riƙe tubalan suna sake yana juyawa lafiya, amma da zarar na ɗaure tubalin tsakiya sai ya cije, har sai na sa hannu biyu. Bayan haka, filaf na hagu ya fi na dama sauka da kusan digiri 2. Shin in bar notunan da ɗan sassauci, tunda injin lantarkin da ke motsa filaf yana da ƙarfin tura bututun?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam. Malam, kada ka sassauta noti domin maganin cijewa, domin girgizar injin jirgi za ta ƙarasa abin da ka fara. Notin da ke kan ƙusa mai zare samfurin AN3 ana ɗaure shi ne tsakanin inci-fam (ma'aunin ƙarfin ɗauri) 20 zuwa 25, kamar yadda yake a kundin AC 43.13-1B na FAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, kuma da sifana mai auna ƙarfi ake yi, ba da ƙiyasin hannu ba. Abin da nake zargi shi ne tubalin tsakiyar nan da aka raba biyu. Zarto ya ci wani abu daga cikinsa, saboda haka idan ka haɗa ɓangarorin ba tare da wosha a tsakaninsu ba, ramin ya daina zama zagaye, ya matse bututun. Ka mayar da woshar, ka kankare fentin bututun a daidai inda yake gogar roba, ka shafa ɗan giris. Idan har yanzu yana cijewa, to tubalan uku ba su kan layi ɗaya, sai ka riƙa ɗaure su ɗaya bayan ɗaya har ka gane mai laifin.

Amsa ta biyu:
Ni bambancin digiri 2 ɗin ya fi damuna, domin filaf da ba su daidaita ba suna karkatar da jirgi gefe guda a lokacin da yake kusa da ƙasa. Kada ka fara awo daga ƙasa. Ka ɗaga su duka sama, ka daidaita bakin kowanne da na fallen karkatarwa da ke kusa da shi, wato fallen fiffike da ke karkatar da jirgi hagu ko dama, bayan ka tabbatar shi ma yana tsakiya, sannan ka gyara tsawon sandunan turawa da ke haɗa bututun da filaf, rabin juyi rabin juyi. Daga nan ka sauke zuwa digiri 40 ka sake aunawa. Ka kula kada ka warware kan sandar har zaren da ya rage a ciki ya yi kaɗan, kuma ka duba ramin jikin jirgi da sandar ke bi, don sau da yawa sai an faɗaɗa shi da magagari.

Amsa ta uku:
Ƙari kan abin da suka faɗa, Injiniya, ka ɗaure kan sandar injin lantarkin da wayar tsaro, saboda juyin injin yana iya warware shi sannu a hankali. Tunda kana Amurka, ƙungiyar EAA ta masu harhaɗa jirage da kansu tana da masu ba magina shawara kyauta. Ka gayyaci ɗaya ya gani kafin ka rufe wurin da murfi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na duba da daddare, ashe babu wosha ko ɗaya a tsakanin ɓangarorin. Na saka, bututun yana juyawa da hannu ɗaya. Awon digirin sai ranar Asabar in Allah ya kai mu.