Ta yaya ake gane asibitin da ya iya aikin yanar ido?

Tambaya:
Assalamu alaikum. Asibitoci da masu aikin ido kyauta kan yi alfahari da yawan idanun da suka yi wa aiki. Yawan ne ma'auni, ko jin daɗin marasa lafiya? Me ya kamata a duba?

Likitan ido:
Wa alaikumus salam. Yawa ba ya nuna inganci. A nemi rajistar awon gani ta mako 4 zuwa 6 bayan aiki. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 1998 ya ce aƙalla ido 80 cikin 100 su ga layin 6/18 ko wanda ya fi shi ƙanƙanta a allon gwaji (6/18 na nufin ganin abu daga mita 6 wanda lafiyayyen ido ke gani daga mita 18), ya kai 90 idan an saka tabarau, waɗanda suka kasa ganin 6/60 kuma kada su kai 5. Tun 2021 ma an ɗaga ma'aunin "gani mai kyau" zuwa 6/12.

Amma a ƙirga mutum nawa suka dawo awon. Idan an yi wa 200 aiki, 60 suka dawo, rajistar ba ta faɗi komai game da sauran 140 ba.

Tambayar da ke tona asiri ita ce: ana auna tsawon ido da lanƙwasar gabansa kafin a zaɓi gilashin da za a dasa a cikin idon bayan an cire yanar? Inda babu na'urar, gilashi mai ƙarfi ɗaya, kamar +21, ake saka wa kowa. Aiki ya yi tsaf, amma gani dishi-dishi.

Ma'aikaciyar jinya:
Ƙari a kan bayanin Likita, a leƙa ɗakin tiyata. A tsaftace ido da ayodin kashi 5 cikin 100 kafin a tsaga, kowane ido da kayan aikin da aka tsaftace a injin tururi. Ƙwayoyin cuta idan sun shiga ido, galibi cikin makon farko ake gani: ciwo mai tsanani, ja, gani ya koma baya. A ranar za a dawo, ba sai ranar da aka rubuta a kati ba. Asibitin da bai faɗa wa majiyyaci wannan da Hausa ba ya yi sakaci, komai ƙwarewar likitansa.

A kuma tambayi sau nawa jakar bayan yanar, wato siririyar fatar da ke riƙe da ita, ke fashewa lokacin aiki. Tana faruwa ga kowane likita. Wanda ya ce bai taɓa gani ba, ba ya rubutawa ne.

Mai awon tabarau:
Ni dai ban cika yarda da "ka gamsu?" ba. Dattijon da haske kawai yake gani, in ya fara ƙirga yatsu sai ya ce Alhamdulillah, alhali a ma'auni aikin bai yi ba. Ga kunya kuma, wa zai kushe likita a gabansa? Sai wani daban ya yi tambayar, kuma dalla-dalla: Baba, kana gane fuska daga bakin zaure? Hajiya, kina zura zare a allura? Kuna bambance takardun kuɗi?

Ƙorafi da yawa tabarau ne maganinsa. Gilashin da ake dasawa galibi na hangen nesa ne, karatun Alƙur'ani sai da tabarau wajen +2.50.

Likitan ido:
Haka ne. Sannan a auna hawan jinin ido, a duba sukari kafin aiki. Idan gilakoma, wato cutar hawan jinin ido, ta riga ta cinye jijiyar gani, cire yana ba zai dawo da ganin ba, gara a faɗa wa iyalin tun farko. Hazon da ke dawowa bayan watanni ko shekaru kuwa jakar baya ce ta yi duhu, da leza ake buɗe ta cikin mintuna, babu tsaga.