Neman kalmar Hausa: me za mu kira phytoplankton?

Mai tambaya: Jama'a, ana buƙatar sunan Hausa ga ƙananan halittun nan da ke shawagi a ruwa, ido ba ya ganin guda sai da madubin likita. Da hasken rana suke haɗa abincinsu, kuma kusan rabin iskar oksijin ta duniya daga gare su take. Na kawo "ƙananan tsirran ruwa".

Malamar kimiyyar halittu: Malam, "tsiro" zai ɓatar da ɗalibi. Ba su da saiwa, ba su da ganye, wasunsu ma dangin bakteriya ne. Gansakuka ta fi kusa.

Mai awon ruwa: Hajiya, gansakukar da Bahaushe ya sani a jikin randa ko dutse take maƙale. Waɗannan kuwa inda ruwa ya nufa nan suka nufa, kamar kainuwa. Sai a ce gansakukar shawagi. Shawagin ne ma ke bayyana canjinsu. Dubi tafkin gaɓar Legas: da damina Kogin Ogun yana turo ruwan daɗi, gishiri ya faɗi har ƙasa da giram 1 a lita a wasu wuraren, sai irin na ruwan daɗi kamar Aulacoseira su mamaye. Da rani teku ke kutsowa, gishirin kusa da tashar jiragen ruwa ya doshi giram 30, sai na teku irin Coscinodiscus da Chaetoceros su karɓe wurin. Teku kansa wajen giram 35 yake.

Malamar kimiyyar halittu: Na karɓa, amma a rubuta a ƙasa cewa ba duka ne kore ba. Masu ɓawon silika, wato sinadarin gilashi, launinsu ruwan ƙasa-ƙasa ne. To, estuary fa, wato inda kogi ke haɗuwa da teku? Kada wani ya ce "bakin kogi", mai karatu gaɓa zai ɗauka.

Mai awon ruwa: Muna da zartsi, ruwan rijiyar da ba daɗi ba, ba kuma gishiri tsantsa ba. Magamar zartsi. A irin wurin nan kada a ɗebi samfur a sama kaɗai, domin ruwan gishiri ya fi nauyi, ƙasa yake kwanciya. A ɗebi sama da ƙasa, a ɗiga ruwan Lugol, wato ruwan aidin mai hana samfur lalacewa, nan take, in ba haka ba masu taushin jiki su fashe kafin a kai ɗakin gwaji. Oksijin kuma da asuba ake auna shi. Idan takin gona ya kwarara cikin ruwa ya sa halittun nan suka yi tumbatsa, da rana awon zai nuna lafiya lau, cikin dare su da bakteriyar da ke ruɓar da matattunsu su shanye iskar, a wayi gari kifi na yawo ciki sama.

Mai tambaya: An tsayar da biyun. Tumbatsar nan ma na ɗauke ta. Saura zooplankton, masu cin su.