Dodo ko Zankallala: wa ya fi kusa da ƙarewa?

Ɗalibi daga Bagalam: Salamu alaikum iyayena da yayyena. Ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, tana da jerin da ta fara a 1964, tana sa dabbobi mataki-mataki: wanda babu fargaba a kansa, wanda ke cikin haɗari, wanda ya ƙare. Na gwada shi a kan halittun tatsuniya. Gizo da Ƙoƙi da aljanu na ce babu fargaba. Dodo kuwa ya kusa ƙarewa, tunda kullum shi kaɗai ne, kuma kullum kashe shi ake yi.

Malam: Ɗana, cire aljanu tukuna. Su ba ƙage ba ne, akwai sura guda da sunansu a Alƙur'ani.

Ɗalibi: Na cire, Malam. A gafarce ni.

Ma'aikacin gandun daji: Ƙanena, ƙaranci daban, haɗari daban. Masu jerin nan suna duba saurin raguwa da faɗin wurin zama, ba ƙidaya kawai ba. Raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai, sun ragu har 49 a 1996. Da suka farfaɗo, sai aka kawo 8 gandun dajin Gadabeji a 2018, don kada cuta ɗaya ko fari ɗaya ya same su duka a wuri guda. To Dodo ina yake zaune? A bakin mutane. Daga Maradi har Katsina da Kano, wace uwa ce ba ta cewa "yi shiru ga Dodo nan"? Wannan wurin zama ai ya fi Gadabeji faɗi.

Ɗalibi: Yaya, sunan ne ya rage. Tambayi yaro ya ba ka tatsuniyar Dodo ɗaya daga farko har ƙurunƙus, ka gani.

Gwaggo: Ku duka kun manta da wanda ya kamata a yi wa kuka. Zankallala! Ɗan mitsitsi, maciji ne sandarsa, ƙudan zuma ne hularsa. Dodo ya haɗiye shi, ya ɓullo, ya sake haɗiyewa, har Zankallala ya fasa masa kai ya fito. Kakarmu ce ke ba mu tatsuniyarsa a kan tabarma bayan isha'i, tana ɓare gyaɗa, mu kuwa mun ƙanƙame zanenta don tsoro. Shekaranjiya da wuta ta ɗauke na tara jikokina bakwai na ce gatanan gatananku. Biyu ne suka san amsa. Zankallala kuwa babu wanda ya taɓa jin sunansa, ɗaya ma cewa ta yi ko magani ne. Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Ma'aikacin gandun daji: Gwaggo, ni kaina yau na fara ji. Shi ne ke sahun ƙarshe kafin ƙarewa.

Ɗalibi: Na yarda da Zankallala, amma ban janye maganata kan Dodo ba. Gwaggo, don Allah ki ɗauko mana ita da murya daren nan, har da waƙar cikinta.

Gwaggo: Waƙar rabi na tuna. Bari in kira yayata ta Tibiri, ita ta fi ni riƙo.