Musayar Waƙa: Kunnen Dokin Carlsen da Caruana

Baƙin Doki:
'Yan'uwa ku matso mu tattauna,
Kan darar chess ta Carlsen da Caruana.
Gasar kambun duniya, Landan, 2018, kun tuna,
Sau 12 gwanayen suka zauna,
Duk kunnen doki, ba mai murna.
Na ƙarshen shi ya ƙona min rai,
Carlsen na da rinjaye sarai,
A taku na 31 ya ce a raba daidai.
Ni dai na ce tsoro ne kawai.

Dattijon Dara:
Ƙanena, ja linzami, yi haƙuri,
Ba tsoro ya ji ba, ya yi nazari.
2835 da 2832 makin ƙwarewarsu a jeri,
Tazarar 3 ba ta ba ka damar gatsari.
Ya san in an koma raba gardama da wasan sauri,
Nan ƙafarsa ta fi ta kowa ƙwari.
Kambu na kansa, don me zai shiga haɗari?
Bayan kwana 2 ya cinye 3 a jeri.

Sarauniya:
Malam, na ji, amma da saura,
Tsohon zakaran duniya Kasparov ma sai da ya yi ƙara.
Sai dai ni wasa na 6 nake lura,
Can aka yi canjaras na mazan dara.
Carlsen ya ba da doki, aka takura,
Sarkinsa a lungu, ba wurin tsira,
Ya kafa ganuwa da 'yan sojan da suka saura,
Caruana ya zaga, ya dawo, ya ƙara,
Har taku 80 bai sami ƙofar kutsawa ba, ya haƙura.

Baƙin Doki:
Yaya, ai kwamfuta ta ga hanya,
Taku 30 sarkin Carlsen ya sha ƙasa gaba ɗaya.

Sarauniya:
Ta gani, ƙanena, ita da ba ta gajiya,
Ba agogo a gabanta, ba bugun zuciya.
Mutum ya yi sa'o'i yana ta juriya,
Wa zai hango wannan siririyar hanya?
Ban ga laifin Caruana ba ko ɗaya.

Baƙin Doki:
Na 6 na yarda, an yi gumi,
Na 1 ma, taku 115, an sha zafi da ɗumi.
Amma na 12, Malam, ina nan da ƙorafi a bakina,
Ka ce lissafi ne, ni a buga shi har ƙarshe ne burina.