Janar Joe Garba da shugabancin makarantar Kuru

Ɗan Bukuru:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masana tarihin soja ku taimaka min. Muna hira da wani abokina kan makarantar nan ta Kuru kusa da Jos, NIPSS, inda manyan hafsoshin soja da 'yan sanda da manyan ma'aikatan gwamnati ke zuwa kwas su fito da mni, wato lambar mamban makarantar, a bayan sunansu, sai yake ce min wai Janar Joseph Garba ya taɓa shugabantarta. Abin ya ɗaure min kai wlh, ba shi ne ya sanar da juyin mulkin da aka yi wa Gowon ba? To ya za a yi a ba irin wannan mutum amanar koyar da manya harkar tsaro da tsara manufofin ƙasa?

Tsohon Saje:
Wa alaikumus salam ɗana. Shi ne dai, abokinka bai faɗi ƙarya ba. Ranar 29 ga Yulin 1975 aka ji muryarsa a rediyo, lokacin yana Kanar kuma shi ke riƙe da rundunar da ke gadin shugaban ƙasa a Legas, Gowon kuma yana Kampala wajen taron OAU, Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, ba a zubar da jini ba. Amma kar ka tsaya nan. Mutumin Langtang ne, 1943 aka haife shi, tun yana yaro a 1957 ya shiga makarantar soja ta Zariya, daga nan Ingila, 1962 ya zama hafsa. Bayan juyin mulkin, sabon shugaba Murtala ya ba shi ma'aikatar harkokin waje ya riƙe har 1978, sannan aka kai shi NDA Kaduna a matsayin kwamanda, ka ga ke nan tun kafin Kuru ya riƙe makaranta, kuma makarantar da ke ƙyanƙyashe hafsoshi. 1980 ya ajiye kaki yana Manjo Janar, ko arba'in bai cika ba.

Malama Rabi:
Baba Saje Allah ya ƙara lafiya, bari in ɗora. Ni abin da ya fi burge ni shi ne da ya yi ritaya bai je ya zauna jiran kwangila ba, aji ya koma, ya je Harvard a Amurka ya yi digiri na biyu kan mulki. 1984 ya zama wakilin Najeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya, ya shugabanci kwamitin yaƙi da wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu, a 1989 kuma aka zaɓe shi shugaban Babban Zauren Majalisar, a zaman da ya jagoranta ne ma aka amince da yarjejeniyar kare haƙƙin yara. Da Obasanjo ya dawo a 1999 ya ba shi Kuru, wadda dama a zamanin mulkin Obasanjon na soja aka kafa ta a 1979, Garba yana kan kujerar har ya mutu a watan Yunin 2002. Wanda ya san bariki ya kuma san teburin sulhu ai shi ya kamata ya tsaya gaban ajin da Birgediya da babban sakatare ke zaune kafaɗa da kafaɗa.

Abu Nafisa:
Malama duk na yarda amma fa tambayar ɗan'uwanmu tana nan daram. Gowon ya amince da shi, jiharsu ɗaya, ya damƙa masa tsaron ransa, idan mai gadi ya buɗe ƙofa da hannunsa to wa kuma za a yarda da shi? Ni wannan yana damuna sosai, don juyin mulki ba ƙaramin baya ya mayar da mu ba, kuma yaran da ke NDA suna kallon tarihin kwamandansu ba wai abin da yake faɗa a lacca kawai ba.

Tsohon Saje:
Malam Abu maganarka tana da nauyi, ban raina ta ba. Sai dai ka tuna Gowon ya yi alkawarin miƙa mulki a 1976, ranar 1 ga Oktoban 1974 ya fito ya ce ba zai yiwu ba, hafsoshi da yawa ransu ya ɓaci, kuma gwamnatin da Garba ya yi wa aiki ita ta miƙa wa Shagari mulki a 1979. Ban ce wannan ya wanke shi tas ba, amma in ana auna shi a sa wannan ma a sikeli.

Ɗan Bukuru:
Na gode ƙwarai Baba, na gode Malama. Zancen amanar nan dai har yanzu ina tare da Malam Abu, amma batun Majalisar Ɗinkin Duniya ya sa zan koma in karanta shi da kyau. Akwai wanda ya yi kwas a Kuru tsakanin 1999 zuwa 2002 a nan? Ina so in ji yadda yake tafiyar da makarantar.